Babur ɗin da Na Sayo a Kasuwar Guci

Ka dai ce za ka sayi babur, ka ga malamai. Wanda bai taɓa mallakar ko keke ba ma sai ya gyara zama ya ba ka shawara, har da ɗaga yatsa. Haka na sha fama da su a shekarar da aka ɗauke ni daga lakwal ɗin ƙauyenmu ta ƙasar Dungas aka kawo ni wata makarantar a cikin garin Magarya. Gidan da na samu haya yana can bakin gari ta yamma, lakwal ɗin kuma tana gabas, bayan kasuwa. Makonnin farko da ƙafa na riƙa zuwa, in shiga aji sharkaf da gumi, yara suna ƙunshe dariya. Direktanmu bai taɓa ce mini uffan ba, agogon hannunsa kawai yake dubawa in na shigo. Ni kuwa da wannan duban agogon gara a zage ni.

Wani ya ce in sayi roba-roba, ba ta shan esansi, wato fetur. Wani ya ce roba-roba ta mata ce, kuma rairayin Magarya zai haɗiye ƙafafunta tun kafin in kai kasuwa. Wani ya ce in nemi babba irin na 'yan kabu-kabu, wanda ko rago biyu ka ɗaura masa ba ya nishi. Wani kuma, Allah ya shirye shi, cewa ya yi in sayi jaki, ba ruwana da faci. Matata Sadiya ce kaɗai ta yi magana mai kai. Ta ce, "Ka dai samo wanda zai ɗauke mu ni da kai da buhun hatsi, ya kuma tashi da safe ba sai an roƙe shi ba." Sabo fil a kwali ya fi ƙarfina, don haka na hannu na sa a gaba. Dangin Sadiya mutanen Guci ne, su suka ce in zo ranar kasuwarsu, ana kawo masu kyau daga nesa.

Ni ba bakanike ba ne, amma ina da kunne, kuma ina taƙama da shi. Fenti don ido ake yinsa, ido kuwa ba shi da wuyar ruɗi. Inji ne ba ya iya ƙarya. Ranar kasuwar Guci na bi layin babura ina sa ana tayar mini da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana tari, wancan yana kaɗa haƙora, wani kuma hayaƙi kamar an sa wa bola wuta, mai shi yana rantsuwa wai jiya aka fito da shi daga kwali. Dillalai suka fara gajiya da ni, ni ma na gaji da rantsuwarsu.

Ina shirin haƙura sai wani dillali mai suna Bukar, gajere mai jajayen haƙoran goro, ya ja ni gefe inda ya jingine wani baƙin babur a gindin gawo. Bugu ɗaya ya tashi. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, mai kauri, babu gargada, in an saki mai kuma sai ya ƙare da wani ɗan siririn fito, irin na makiyayi in yana kiran dabbarsa daga nesa. Nan take na ji ya kwanta mini a rai. Na duba sarƙa, na duba ƙafafu, na matsa birki, ban samu abin kushewa ba. Duk wanda ya riƙe babur ɗin nan ya so shi. Kujerar ta lotsa daidai zaman wani wanda ya fi ni jiki, robar hannun ta suɗe inda babban yatsansa ke kwanciya. A baya, kan kariya, an ɗaure wata 'yar matashiya da aka ɗinka da tsohon zane.

"Malam mutumin ina ne?" in ji Bukar.

"Dungas," na ce.

"Dungas. To madalla, ya yi."

Na ɗauka surutun kasuwa ne. Duk wanda ya tambaye ni garinmu Dungas nake ce masa, don can aka yanke cibiyata. Magarya wurin aiki ce, ko lungunanta ban gama sani ba. Muka yi ciniki, ya sallama da wuri har na ɗan yi mamaki, na hau abina na kamo hanya ina hura hanci kamar ni na ƙera shi. Da na iso gida Sadiya ta zagaya shi, ta shafa matashiyar ta ce, "Mai wannan yana da wadda yake tausayi." Muka yi dariya.

Daga gidana zuwa lakwal hanya biyu ce. Babbar ta bi ta kasuwa, amma kaka ce, amalanken gero da gyaɗa sun tone ta, rairayi har idon sawu. Ɗayar wani lungu ne mai tauri da ya ratsa tsohuwar unguwa, shi na zaɓa. A tsakiyar lungun akwai wani gida mai zaure da itacen bedi a ƙofarsa. Da safe wata tsohuwa kan zauna a bakin zauren bisa tabarma, carbi a hannu, fuskarta a ɗage sama yadda marasa gani ke yi.

Ran farko da na wuce, juyowa ta yi ta bi ni da kunne har na sha kwana. Kashegari na tarar da ita tsaye, ta dafa bango. Bayan haka ta fara kira.

"Auta! Auta!"

Na ce a raina wani jikanta take kira, na yi gaba.

Mutanen lungun ne suka fara damuna. In na shigo, hira kan mutu a teburin mai shayi, kowa da kofinsa a hannu. Wani tela ya taɓa tsayar da kekensa ya fito bakin shago yana salati. Da fari na ɗauka babur ɗin suke sha'awa, har ina ƙara gyara zama. Daga baya na lura fuskata suke nema, in sun gan ta kuma sai su sauke kai, kamar ba ita ya kamata su gani a wurin ba. Na yi musu sallama, suka amsa ciki-ciki. Na ce a raina mutanen birni ke nan, gaisuwa ma sai an roƙa.

Shi ma babur ɗin da nasa halin. Duk lokacin da muka zo daidai bedin nan sai in ji kansa na karkata hagu, gudunsa na raguwa, sai na murɗa mai da ƙarfi yake wucewa. Na gaya wa kaina gangara ce. Wata Lahadi na bi ta wurin da ƙafa don in gani da idona. Babu wata gangara. Sai dai wani ɗan kwari a gindin bedin, ƙasarsa ta yi baƙi da ɗigon man inji, inda aka daɗe ana ajiye wani abu.

Wata safiya wata mata ta tare ni a bakin lungun, tun kafin in hango bedin. Za ta girme ni da 'yan shekaru, idanunta sun yi jajir. Ta ɗaga hannu biyu, na tsaya. Ta dubi jakar littattafaina ta gane malamin lakwal ne ni, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan.

"Don Allah Mushe, kashe shi."

Na kashe.

"A ina ka samu moton nan?"

"Saye na yi, baiwar Allah, gaban shaidu. In kuwa wani ya ce na sata ne..."

"Ba wanda ya ce. A ina?"

"Guci."

Ta ɗora hannu a ka. "Guci muka kai shi. Har Guci, don kar ya dawo."

Sunanta Balkisu, 'yar tsohuwar nan ce, Iya Hinda. A tsaye a wurin ta ba ni labari, tana yi tana waiwaye. Babur ɗin na ƙanenta ne Muttaƙa, autan gidansu. Ya bar shi a zaure ya tafi arewa haƙar zinariya, ya ce wa uwarsa da kaka zai dawo. Farkon damina rami ya rufta da shi. Can aka binne shi, labari kawai ya zo ta waya. Iya Hinda a lokacin tana kwance a likita, wato asibiti, hawan jini ya buge ta, shi ne ma ya tafi da sauran ganinta. Kawunnansu suka taru suka ce in aka gaya mata gawa biyu za a yi. Aka yi zaman makoki a gidan babbansu, can wata unguwa, ita kuwa aka bar ta a kan Auta yana arewa, inda waya ba ta kamawa.

"Kayan mamaci ba a sayar da su a garinsu, Mushe, kai ma ka sani," in ji ta. "Balle moto, abin da ke da murya. Nesa ake kai shi. Sai da muka ja wa dillalin kunne, muka ce kar ya sayar wa ɗan Magarya."

Na sani mana. Mu ma a Dungas haka muke yi. Na ƙanen babana har Maigatari aka tsallaka da shi, don kada matarsa ta ji kukansa a hanya.

"To yanzu me take cewa?"

"Cewa take Auta ya dawo gari. Ya samu arziki, yana wuce ƙofarta safe da yamma, ba ya tsayawa."

Rana ta fito sosai, ana ta hada-hada, mai ƙosai na kiran masu saye, amma ni sai na ji kujerar da nake kai ta yi sanyi. Ranar ban san me na koya wa yara ba. Da aka fita shan iska na kira Bukar na wanke shi tas. Ya bari na gama sannan ya ce, "Mushe, na tambaye ka ko ban tambaye ka ba? Ka ce Dungas." Na kashe wayar. Haushinsa ya ƙaru a raina, don ya fi ni gaskiya.

Na fara da dabarar da ta fi sauƙi. In na zo bakin lungu sai in kashe inji in sauka in tura. Na wuce ta gabanta ina ɗauke numfashi, sarƙa tana ƙyas-ƙyas, takalmina na nutsewa cikin ƙasa. Ba ta kira ba. Ta dai bi ni da fuska, a hankali, tun daga wannan kusurwa har waccan, na ji kamar ta fi masu ido ganina. Da yamma Balkisu ta tare ni ta ce, "Ta ce yanzu saɗaɗawa yake kamar ɓarawo."

Na koma babbar hanya. Rairayi ya kayar da ni gaban masu amalanke, suka yi mini sannu suna dariya, na isa lakwal a makare da ƙasa har cikin kunne. Wahalar banza na sha. Magarya ba wani girma gare ta ba, da safe kuma sauti na tafiya. Ta jiyo fiton nan ta bayan gidaje, ta ce ya sauya hanya don kar ya haɗu da ita. Na kai wa bakanike ya sauya salansa, na ce in dai murya ce to mun rabu da ita. Ba a daɗe ba fiton ya dawo. Bakaniken ya kwance, ya ɗaura, ya kara kunne, a ƙarshe ya goge hannu ya ce shi dai bai ga inda yake fitowa ba.

Gaskiya na fara tsoron abina. In na fito da safe in gan shi jingine a tsakar gida, raɓa ta kwanta masa ko'ina ban da lotsawar kujerar nan, ita a bushe take kamar yanzu wani ya tashi. In na hau, hannuna ba ya cika inda nasa ya suɗe. Na daina duba madubi. Na kwance matashiyar don in rage abin da ke tuna mini da shi, sai na tuna Balkisu ta ce a kanta yake ɗaukar Iya in za shi kai ta awo likita. Na riƙe ta a hannu na rasa inda zan jefar, na mayar na ɗaure.

Ga kuma haushi. Haushin kawunnan nan da ban taɓa gani ba, waɗanda suka yanke hukuncinsu suka koma gidajensu suna cin tuwo, suka bar mace ɗaya da ƙarya a baki safe da yamma. Haushin unguwa guda da ta haɗa baki a kan makauniya, kowa na gaishe ta yana tambayar ko an ji daga Auta. Su tausayi suka kira shi. Ni dai na ga an rufe tukunya ne an bar ta a kan wuta. Na yanke shawara ranar kasuwar Maigatari in tsallaka da shi in rabu da ƙaya, in koma tafiyata a ƙafa, direkta ya yi ta duba agogonsa har ya gaji.

Ranar Laraba bayan la'asar Balkisu ta yi sallama a gidanmu. Sadiya ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, ko taɓa kofin ba ta yi ba.

Na ce, "Yaya Balkisu, ki kwantar da hankalinki. Maigatari zan kai shi, ba za ta ƙara jinsa ba."

"Ai an wuce nan, Mushe. Ta bar cin abinci, fura ma sai na yi da gaske. Jiya ta kira ni ta ce in Juma'a ta yi Auta bai zo ya durƙusa gabanta ba, za ta ɗaga masa nono."

Sadiya ta saki salati ta dafe ƙirji.

Ni ma na san nauyin maganar. Uwa in ta ɗaga wa ɗanta nono ta ce ba ta yafe ba, to ya shiga uku duniya da lahira. Mai rai yakan rarrafo ya kama ƙafa, a taru a ba ta baki har ta sauko. Wannan fa? Yana kwance can arewa cikin ƙasar da ba wanda ya san shi, ba shi da ƙafar zuwa, ba shi da bakin ba da haƙuri. Abin da yake jira daga wurinta addu'a ce, ga shi ana shirin aika masa da tsinuwa. Kuma ni na ɗauko ta tun daga Guci, da esansina.

"To ku gaya mata mana!" na ce, har muryata ta ɗaga.

"Na je wurin Kawu, ya ce a ƙara haƙuri. Kowa tsoro yake kar ya zama bakin da zai kashe ta."

"Ke fa?"

"Na buɗe baki ya fi a ƙirga. In na dubi fuskarta sai..." Ta ja mayafi ta rufe ido, ba ta ƙarasa ba.

Da ta tafi na zauna a bakin ɗaki ina kallon babur ɗin. Sadiya na tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, in ka kai shi Maigatari kai ka huta. Shi fa?"

Na ce mata ni baƙo ne, ban haɗa komai da su ba, ko fuskarsa ban taɓa gani ba. Wane ni in shiga gidan mutane da irin wannan labari?

"Ba ka san shi ba," in ji ta, "amma da muryarsa kake yawo a gari."

Mace in ta faɗi gaskiya tana tsince shinkafa, ba ka da inda za ka kama ta.

Ranar Alhamis na fito da wuri, na shiga lungun da inji a kunne. Hira ta mutu a teburin mai shayi kamar kullum. Da muka zo daidai bedin kansa ya karkata hagu, wannan karon na sakar masa. Ya gangara a hankali ya tsaya cikin ɗan kwarin nan daidai wa daida, ya yi fitonsa, na kashe. Lungun ya yi tsit, har keken telan ya tsaya.

Iya Hinda tana bakin zaure. Ta rame ƙwarai, zanenta ya yi mata yawa. Da ta ji na sauka sai ta juya mini baya, ta fuskanci bango.

"Sai yau?" in ji ta. "Sai da ka ji zancen nono? Na haife ka bayan na fid da rai da haihuwa, na goya ka bayana yana ciwo. Ko goro ban ce ka kawo mini ba. Zinariyarka ka riƙe abarka, ban ci ba ban sha ba. Sannu kawai, Auta. 'Iya ina kwana.' Shi ne ya yi maka tsada? Idona ne ya mutu, kunnena yana nan."

Muryarta na rawa, amma a ƙarƙashin faɗan murna ce, ina jinta sarai. Wannan murnar ce ta kusa sa in hau babur in gudu. Balkisu ta fito daga cikin gida da kwanon koko, ta gan ni, ta ƙame a wurin.

Na cire takalmi na durƙusa a gefen tabarma.

"Salamu alaikum, Iya. Ina kwana."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo sai ta miƙo hannu, na ba ta nawa. Ta shafa tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sake shi.

"Wannan hannun bai san diga ba. Wane ne?"

"Sunana Abdulwahab, Iya. Malamin lakwal ne, baƙo ne ni a garin nan. Ni ne nake wucewa safe da yamma. Tun farko ni ne."

"Aro ya ba ka?"

Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta. Da na ce e, da an wuce wurin a ranar. Na dubi Balkisu, tana girgiza kai, ban gane ko cewa take in faɗa ko kar in faɗa ba.

"Saye na yi, Iya."

"Auta ya sayar da motonsa?" Ta yi 'yar dariya. "Wanda ko taɓa shi aka yi sai ya bi ya goge? A ina kuka yi cinikin?"

"Ba da shi muka yi ba. A hannun dillali na saya. A kasuwar Guci."

"Guci."

A hankali ta maimaita. Tun daga gida nake shirya kalmomin da zan faɗa, na jera su a hanya, amma ko ɗaya ban buƙata ba. Tsohuwar da ta binne miji da 'yan'uwa ta san inda ake kai kaya, ta san dalilin kai su.

"Moton mai rai a ƙofar gidansa ake cinikinsa," in ji ta, ba da ni take ba. Sannan ta ce, "Balkisu."

"Na'am, Iya."

"Tun yaushe?"

Kwanon koko ya suɓuce ya kife a ƙasa. "Farkon damina, Iya. Kafin a yi shuka. Rami ne ya..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Duk muka zuba mata ido muna jiran abin da kawunnai suka ce zai faru. Ba ta faɗi ba. Tana nan zaune daram, hannuwanta a cinya, hawaye na bin tsagar fuskarta. Mai shayi ya taso, tela ya taso, mata suka fara leƙowa daga zauruka.

"Ashe duk faɗan nan da nake yi a kabari yake samunsa," in ji ta. "Na ce masa ɓarawo. Na ce masa mara albarka. Jiya da na idar da salla har na kai hannu ƙirji, Allah ya sa na ce bari dai Juma'a." Ta lalubi bango. "Ina arewa take? Ku juya ni."

Balkisu ta kama kafaɗunta ta juya ta. Tsohuwar ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke gona mai nisa.

"Auta! Na yafe maka. Nonon da ka sha halal ne, duniya da lahira. Ba ka yi mini komai ba, ni na yi maka. Ka yafe mini."

Ta yi shiru tana saurare, kai a karkace. Muka yi shiru tare da ita, har da ni da na san ba abin da zai zo. Ta jira, ta ƙara jira. Can sai ta laluba ta kamo hannun rigata.

"Kai da ka zo a kan motonsa, amsa mini."

Na dubi Balkisu, na dubi tela, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ya yafe, Iya. In sha Allahu ya yafe."

"A'a. Ba haka zai ce ba."

Ban taɓa jin maganarsa ba, ban san yadda yake kiran ta ba in suna su biyu, muryar da nake da ita tawa ce kawai. Ita kuwa ta riƙe rigata gam, tana jira.

"Na yafe, Iya."

Ta saki rigar a hankali, ta goge fuska da gefen zane.

"To," in ji ta. "Balkisu, fito da tabarmi. Ɗana ya rasu."